Mawaƙi Ya Ce Giwa, Sarki Yake Nufi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Alamtarwa a Waƙa

Waɗannan tambayoyi ne da ɗalibai da masu sha'awar waƙa suke yawan kawo mini, wasu a aji, wasu a bakin hanya bayan an tashi. Na tara su wuri ɗaya, na amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Malam, mece ce alamtarwa ɗin nan da ake ta faɗa a darasin adabi?

Ita ce mawaƙi ya ambaci wani abu da ido ke gani ko hannu ke taɓawa, kamar itace ko dabba ko launi, ya bar shi ya tsaya a madadin wani abu da bai faɗa ba. Wasu malamai alamci suke cewa, duk abu ɗaya ne. Tana cikin dangin adon harshe, tare da kamantawa da siffantawa da jinsintarwa (ba wa abu halin wani jinsi da ba nasa ba).

Kada sunan ya razana ka. Ranar da kakarka ta dubi wani attajirin danginku ta ce "inuwar giginya", ba ta ƙara komai ba, kowa a tsakar gida ya gane cewa na nesa ke amfana da shi, na jikinsa suna cikin rana. Ba ta taɓa shiga ajin adabi ba. Bahaushe ya tashi cikin karin magana da kirari da habaici, saboda haka kunnensa ya riga ya san wannan aiki tun kafin makaranta ta raɗa masa suna.

To mene ne bambancinta da kamantawa da siffantawa? Nan nake rikicewa.

Dubi jimloli uku. "Sarki kamar giwa yake." Wannan kamantawa ce, ga sarki, ga giwa, ga kalmar "kamar" ta haɗa su. "Sarki giwa ne." Wannan siffantawa ce, an cire "kamar", amma har yanzu an ambaci sarkin. "Giwa ta taka, ciyawa ta kwanta." A nan babu sarki a baki ko kaɗan. Giwa ce kaɗai a fili, mai sauraro ne zai kawo sarkin daga kansa. Wannan ta ukun ita ce alamtarwa.

Akwai wani bambanci da ba a cika faɗa ba. Kamantawa takan zo ta wuce a ɗango ɗaya, wato layi ɗaya na baiti. Alama kuwa takan zauna, ta dawo a baiti na uku, ta sake leƙowa a na bakwai, kowane zuwa da ƙarin kaya a kanta.

Me zai hana mawaƙi ya faɗi abin da ke ransa kai tsaye? Ba wahalar da mutane ba ne?

Dalili na farko shi ne tsira da kai. Makaɗin fada da ke wasa ubangidansa dole ya taɓa abokan hamayyarsa, su kuwa 'ya'yan sarki ne, gobe ɗayansu na iya hawa karaga. In ya kama suna ya ja wa kansa. Sai ya ce kura, ko biri, ko jaki, fada duka ta san wanda ake nufi, amma ba mai iya kai ƙara. Wanda ya fito ya ce "da ni ake" shi ya amsa sunan kura da bakinsa. Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as. Duk wanda ya saurari makaɗan sarauta irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Jankiɗi ya san yadda zambo da habaici ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da yabo a waƙa ɗaya.

Ba makaɗa kaɗai ke buƙatar wannan mafaka ba. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda ya hau gado a 1903, marubucin waƙoƙi ne da aka sani da zurfin habaici, kuma a ƙarƙashin idon Turawan mulki ya yi zamaninsa, har daga baya suka tuɓe shi suka kai shi Lokoja. Sarki ne sukutum, amma shi ma akwai maganar da ba ta faɗuwa a fili.

Dalili na biyu kunya. Akwai abubuwan da Bahaushe ba ya kiran sunansu a gaban manya, musamman sha'anin soyayya da na aure. Waƙoƙin mata na daka da na niƙa cike suke da wannan: kishiya da uwar miji suna shan suka, amma da sunan tsuntsu ko na wani kayan ɗaki.

Na uku shi ne wanda na fi ba nauyi. Alama tana ɗaukar abin da kalma ɗaya ba ta iya ɗauka. In ka ce sarki mai ƙarfi ne, abu ɗaya ka faɗa. In ka ce giwa, ka faɗi girma, da nauyin tafiya, da rashin gaggawa, da cewa ba a tare mata hanya, har da abin da ba a so a ji, wato ɓarnar da takan yi wa gonar talaka in ta bi ta ciki ba tare da ta lura ba. Duk wannan a kalma mai gaɓa biyu.

Ta yaya zan gane cewa abu alama ne? Wataƙila itacen da mawaƙin ya ambata itace ne kawai.

Tambaya mai kyau, kuma sau da yawa itacen itace ne kawai. Ba kowace akuya a waƙa ke ɗauke da saƙo ba. Bari mu gwada da baiti biyu da na ɗinka don wannan bayani, kada a auna su da ma'aunin aruli, wato ilimin awon karin waƙa:

Da damina kowa ya ɗau koren riga,
Gawo ya tuɓe tasa bai ce komai ba.

Da rani ya zo, inuwa ta yi wuyar samu,
Wurinsa aka taru, bai kori kowa ba.

Fara da zahiri. Gawo itace ne da ke saɓa wa sauran itatuwa: yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani. Manoma suna barinsa a tsakiyar gona don ba ya tare wa gero rana lokacin noma, dabbobi kuma suna cin 'ya'yansa lokacin da ciyawa ta ƙare. Wanda bai san wannan ba, ba zai taɓa buɗe baitocin ba, komai iliminsa na nazari. Shi ya sa yaron ƙauye kan riga ɗan birni gane irin wannan waƙa.

Sannan ka nemi inda maganar ta fi ƙarfin itace. Itace ba ya sa riga, ba ya yin shiru, ba ya korar kowa. Tunda aka ce "bai ce komai ba", an nuna maka cewa akwai mai bakin magana a ɓoye. Alamun da nake dubawa ke nan: an ba abin halin da ba nasa ba, ko an maimaita shi fiye da yadda labarin ke bukata, ko an ajiye shi a wuri mai daraja kamar amshi ko buɗewa ko rufewa, ko kuma an kafa shi gaba da kishiyarsa, kamar yadda aka kafa gawo gaba da "kowa".

To wane ne gawon? Yana iya zama ma'aikacin da ya kame hannunsa lokacin da kowa ke wadaƙa da dukiyar jama'a, aka yi ta yi masa dariya, daga baya shi kaɗai ya rage da mutunci. Yana iya zama uban da ya hana kansa don 'ya'yansa. Duka biyun suna da hujja a cikin baitocin. Wani ɗalibi ya taɓa ce mini gawo mutuwa ce, wai don sunansa ya yi kama da gawa. Na yaba wa kunnensa, amma na tambaye shi: mutuwa ce ake taruwa a inuwarta da rani? Nan fassarar ta faɗi, don rabin waƙar ya ƙi ta.

Akwai jerin alamomi da ma'anoninsu da zan haddace in huta?

Akwai waɗanda al'ada ta riga ta daidaita, kuma saninsu yana da amfani. Giwa da zaki da ɓauna na masu mulki ne da jarumai, har yau fadawa "Zaki!" suke cewa in sarki ya fito. Kura haɗama ce da tsoro a haɗe. Dila wayo, shi ya sa ake ce masa malamin daji. Hawainiya mai sauya launi. Jemage wanda ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Balbela ci da motsin wani. Hankaka gabansa fari bayansa baƙi, ga shi kuma da mai da ɗan wani nasa. A itatuwa, gamji babban mutum ne mai inuwa, shi ya sa sunan ya bi Sardauna Ahmadu Bello har ya zama kamar nasa na yanka. Kuka da tsamiya mazaunin iskoki ne a tunanin mutanen da. Kainuwa dashen Allah, wanda ya kafu ba da taimakon kowa ba. Tsintsiya haɗin kai.

Amma hutun da kake nema ba za ka same shi ba. Wannan jeri kamar sanin sunayen unguwanni ne, ba ya gaya maka wanda ke cikin gidan yau. Mawaƙin kirki yakan ɗauki alamar da kowa ya sani ya juya ta. Zakin da ya tsufa haƙora suka zube, ƙudaje na bin sa, har yanzu sarki ne, amma waƙar ba yabo ba ce.

Ke nan alama ɗaya tana iya ɗaukar ma'anoni masu karo da juna?

Sosai. Ɗauki launin fari. Farin ciki, farin jini, farar zuciya, duk alheri ne. Sai ga farar ƙafa, wadda ake jingina wa matar da aka camfa cewa tana kawo tsiya gidan miji. Ja yana nufin haɗari da jini, amma jan hali da jan gwarzo yabo ne. Ruwa rahama ne a waƙar noma, amma wanda aka ce yana ruwa yana cikin matsala, kuɗin ruwa kuwa haramun ne. Hadari a bakin manomi bushara ne. A kirarin jarumi, hadarin ƙasa maganin mai kabido, barazana ce: abin da ke zuwa ta inda ba ka yi shiri ba.

Wuri da zamani ma suna juya alama. A Nijar, wajen ƙuri'ar raba gardama ta 1958, giwa alamar jam'iyyar RDA ce, raƙumi kuma na Sawaba ta Djibo Bakary, wadda ta ce a'a ga zama ƙarƙashin Faransa. Waƙar da aka yi a Maraɗi ko Damagaram a shekarun nan, in ta sa giwa da raƙumi a fage ɗaya, ba labarin daji take ba, ba kuma sarki take nufi da giwar ba. Wanda ya zo da ma'anar fada ya ɗora mata ya ɓata hanya tun daga ƙofa.

Yaya abin yake a waƙoƙin addini?

A nan ne alamtarwa ta fi tsufa a rubutacciyar waƙar Hausa. Malaman jihadin 1804, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da sauran almajiransa, sun yi wa'azi da waƙa cikin Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma masu wa'azin da suka biyo bayansu sun gaji kayan aiki iri ɗaya. Haske shiriya ne da ilimi, duhu jahilci da ɓata, wannan kuwa daga Alƙur'ani aka ɗauko shi, inda ake maganar fitar da mutane daga duffai zuwa haske. Rayuwa tafiya ce, ayyuka guzuri, kabari masauki. Duniya kuwa ta sha suna: wani lokaci kasuwa ce da ake ci a watse, wani lokaci tsohuwa ce da ta sha kwalliya tana yaudarar samari. Karin maganar "duniya budurwar wawa" daga wannan rijiya take shan ruwa.

A waƙoƙin bege, cikakken wata na daren sha huɗu Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ƙishirwa shauƙi ce, Madina kuma takan tashi daga gari ta zama inda zuciya ke son komawa.

Inda ake samun rigima shi ne waƙoƙin sufaye. Mawaƙin Masar Ibnul Farid, wanda ya rasu a 1235, ya shahara da waƙar giya, kuma masu sharhinsa sun bayyana cewa son Allah yake nufi da giyar, maye kuma shagala da ambatonsa. Wanda ya tsaya a zahiri zai ce mashayi ne. Sai dai ina da ra'ayi a nan: alama ba lasisi ba ce. Mai waƙar bege da ke rerawa a gaban jama'a, yara da manya, ya san ba kowa ke da mabuɗin ba, kuma "ai alama nake nufi" ba ta cika kashe wutar da baiti ɗaya ya kunna ba. Ya auna masu sauraronsa kafin ya auna baitinsa.

Waƙoƙin siyasa fa? Su ma akwai wani abin nazari a ciki?

Akwai, sai dai alamominsu suna saurin tsufa. A jamhuriya ta farko fartanya alamar jam'iyyar NPC ce, tauraro kuma na jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950. A ta biyu mabuɗi na jam'iyyar PRP ne, gida da masara na jam'iyyar NPN. Da PRP ta dare biyu, sai aka sami 'yan santsi da 'yan taɓo, kalmomi biyu na damina da suka koma sunayen ɓangarori. Matashin yau da ya ji tsohuwar waƙa tana cewa santsi ya kwashe wane, zai ɗauka faɗuwa ya yi a bakin rijiya. Yau kuma tsintsiya da lema da jar hula ba sa bukatar bayani a Kano, amma jikokinmu sai an yi musu.

Saboda haka kafin ka fassara waƙar siyasa, tambayi shekarar da aka yi ta, da wanda ya ɗauki nauyinta.

Wani ya ce mini daga Turawa muka aro wannan fanni. Gaskiya ne?

A'a. Abin da ya faru a Turai shi ne wasu mawaƙan Faransa sun mai da alama tutarsu, har ɗayansu, Jean Moréas, ya buga sanarwar tafiyar a jaridar Le Figaro a 1886. Su suka yi mata ƙungiya, ba su suka ƙirƙire ta ba. Almajiran zaure sun daɗe suna karanta tashbihi da isti'ara da kinaya a fannin balaga, wato ilimin adon harshe na Larabci, makaɗa kuma suna kiran sarki giwa ba su san da wata Faransa ba. Abin da jami'o'i suka ƙara shi ne sunayen Hausa na nazari da tsarin rarrabewa.

In fassarata ta saɓa da abin da mawaƙin ya ce yana nufi, wa ke da gaskiya?

Maganar mawaƙi shaida ce mai ƙarfi, amma ba ita ce hukunci ba. Ka tuna dalilin farko na yin alama: don a sami ƙofar musu. Makaɗin da aka tsare aka ce wa yake nufi da kura, zai rantse cewa kurar daji ce. Ka yarda da shi? Ban da haka, harshe ya girmi mai magana. Mawaƙi yana iya ɗauko tsamiya don amsa-amo kawai, amma tsamiyar ta shigo da iskokinta, ko ya gayyace su ko bai gayyace su ba.

Wannan ba ya nufin kowa ya faɗi son ransa. Fassara tana tsayawa ne in kalmomin waƙar sun goyi bayanta, in ta dace da waƙar daga farko har ƙarshe, kuma in mutanen wurin da zamanin za su iya jin ta haka. Fassara biyu suna iya cika waɗannan sharuɗɗa a lokaci ɗaya. Goma ba sa iyawa.

Ina karanta waƙoƙin wasu ƙasashe da aka fassara, amma alamominsu ba sa taɓa ni. Laifina ne?

Ba laifinka ba ne, ba a gidanku aka haife su ba. Mujiya a wurin tsofaffin Girkawa tsuntsuwar hikima ce, a wurinmu kuwa abar tsana ce da ake camfa kukanta. Kare a waƙar Bature amana ne, a tamu zagi. Mawaƙin Ingila yana murna da fitowar rana yana baƙin ciki da ruwan sama. Manomin Gumel ya ji haka sai ya yi mamaki. Lokacin sanyinsu, da ƙanƙara ke rufe ƙasa ganye ya zube, shi ne tsufa da mutuwa a waƙoƙinsu. Mu wanda ke yi mana wannan aiki shi ne rani, ko bazara kafin ruwan farko. In ka ci karo da irin wannan, tambayi abin da abin yake yi wa mutanen can a rayuwarsu ta yau da kullum, kamar yadda muka yi wa gawo.

Ni ma ina rubuta waƙa. Yaya zan sa alama ba tare da ta zama kacici-kacici ba?

Ɗauko abin da ka sani da hannunka. Na gaji da fure da tauraro da zuma a waƙoƙin soyayyar matasa, musamman furannin da mai waƙar bai taɓa shinshinawa ba. Randar da ke ƙofar ɗakin mahaifiyarka, wadda ruwanta ke sanyi ko da rana ta take, ta fi su aiki. Haka layin jarkoki a bakin famfo, ko cajar waya da ake karɓa-karɓa a gida ɗaya.

Sannan ka bar abin ya zama kansa tukuna. Randa ta yi aikin randa a baitin, a ga gansakukar gindinta, a ji ƙarar moɗa. In zahirin ya tsaya da ƙafarsa, baɗinin zai biyo. Kuskuren da na fi gani shi ne mawaƙi ya gina alama mai kyau, sai a baiti na ƙarshe tsoro ya kama shi ya ce "randar nan fa uwa ce". Ka yarda da mai sauraronka, ya sha ruwan randa shi ma.

A jarrabawa, in aka ce in fito da alamtarwa daga waƙa, me zan rubuta?

Kawo ɗangon kamar yadda yake. Faɗi abin da aka ambata da halinsa na zahiri. Faɗi abin da yake wakilta, sannan ka nuna kalmar da ta sa ka ce haka, ka ɗaure shi da jigon waƙar. Yawancin ɗalibai suna rubuta "giwa tana nufin sarki" su ajiye biro, nan kuwa rabin maki ne. Sauran rabin yana wurin bayanin me ya sa giwa, ba zaki ko ɓauna ba, a wannan baitin. Kuma ka duba da kyau kafin ka rubuta: in ka ga "kamar" ko "tamkar" ko "awa" a ɗangon, kamantawa ce, mai duba takarda zai soke ta.